Ledar da Muhsin Ya Liƙe wa Tagar Babansa

Salamu alaikum mutanen shafin nan, masu karatu su wuce shiru kamar ba su zo ba, da masu jira a gama su shigo kwamen da faɗa. Ya damina, ya sauro? Ku gyara zama, yau labarin wani gaye na kawo muku daga Wudil, kuma duk wanda ya ji ya yi kama da yayansa, to ba ruwana.

Sunansa Muhsin, ɗan ajin ƙarshe a jami'ar garin, yana karantar harkar muhalli. Kun san irin gayun nan masu tabarau alhali idonsu garau yake? To shi ne. Yaro ne mai kirki, kar ku ce na ɓata shi, sai dai in ya koyi abu da safe, kafin azahar duk unguwa sai ta ji.

Wata rana malaminsu Dakta Nuhu ya yi musu lakca a kan hayaƙi. Ya ce ba baƙin da ido yake gani ne kaɗai matsala ba. A cikin hayaƙi akwai wani ɓurɓushi siriri, garin tuwon da aka tankaɗe ma ya fi shi kauri nesa ba kusa ba. Hanci ba ya iya tare shi, huhu yake wucewa, daga huhu ya shiga jini. Ya ce duk inda abin nan ya yi yawa a iska, in aka bincika sai a ga mutuwa ma ta ƙaru, musamman a tsofaffi masu ciwon ƙirji da na zuciya. Kuma ba ya kayar da mutum a gaban jama'a a ce ga shi. Sai dai a ce tsufa ne, a ce hawan jini ne, a yi jana'iza a watse.

Kowa a ajin yana rubutu, Muhsin kuwa babansa ya faɗo masa a rai. Malam Inuwa, tsohon malamin firamare, ya daɗe yana fama da tari da sarƙewar numfashi. Kuma a bayan katangar gidansu, kai tsaye, akwai filin da Maikano yake babbaka.

Maikano mahauci ne, sana'arsa kai da ƙafa da ganda. Yana sayo su, ya ƙone gashin, ya kankare, ya wanke, masu farfesu su zo su ɗauka. Da itace ya fara, da itace ya yi tsada ya koma tsofaffin tayoyi. Ranar Juma'a in kasuwar shanu ta ci, hayaƙin da yake tashi a filin nan har daga kan gada ana hango shi. Shi da Malam Inuwa tare suka taso, kuma Muhsin tun yana rarrafe Baba Maikano yake ce masa. Daga ranar lakcar nan ya koma "mutumin nan".

Muhsin ya dawo gida da ƙunshin farar leda mai kauri da salatif. Ya shiga ɗakin Baba ya liƙe tagogi biyun ruf, ya hau kujera ya toshe 'yan ramukan iska na sama da tsumma, har ƙasan ƙofa sai da ya sa wa tsohon bargo.

Mahaifiyarsa, Hajiya Lami, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo. Ta ce, "Kai kuma kifi za ka adana a ɗakin?"

"Umma ba za ki gane ba. Guba nake tarewa."

"To Allah ya ba da sa'a, Dakta."

Sai ga matsalar sauro. Damina ce, ga kogi kusa, kun san sauron Wudil ba ya neman izini. Shi kuma Baba ba ya kwana a gidan sauro, ya ce ji yake kamar an sa shi a buhu. Muhsin, ɗan albarka, ya ɗauki nauyin abin. Kullum bayan magariba da hannunsa yake kunna igiyar leƙo, maganin sauron nan mai naɗi da yake ci a hankali yana hayaƙi, ɗaya a wajen kai, ɗaya a wajen ƙafa. Ya ja ƙofa, ya gyara bargon ƙasa, ya tafi da zuciya fes. Baba ya ce, "Allah ya yi maka albarka Muhsinu." Ya ce amin.

Tari fa ya ƙi sauƙi, sai ma gaba. Har ta kai an kwantar da Malam Inuwa a asibiti, aka sa masa abin shaƙa, aka sallamo shi ya rame. Ran Muhsin ya ɓaci ba kaɗan ba. Ya hau katanga ya ɗauki bidiyon hayaƙin Maikano, ya ɗora muryarsa a kai, rabi Hausa rabi Turanci, ya watsa a gurup ɗin unguwa. Daga nan ya wuce gidan mai unguwa ya kai ƙara. Mai unguwa ya aika wa Maikano ya dakata da kunna wuta tukuna, sai an zauna ranar Asabar an ji ta bakin kowa.

Muhsin ya ce ai ba da baki zai zo ba, da hujja zai zo. A sashensu akwai wata na'ura da suke aikin furojet da ita, ba ta fi sabulun wanki girma ba. Tana shaƙar iska ta nuna yawan ɓurɓushin nan da lamba da kala. Kore lafiya lau, ruwan ɗorawa da sauƙi, ja an shiga hatsari, in ta koma shunayya kuwa sai addu'a. Shi da wata 'yar ajinsu aka haɗa a furojet ɗin, Comfort, 'yar Kafanchan, Hausa a bakinta kamar a Fagge aka haife ta. Ita take riƙe da na'urar, don haka dole ya roƙe ta ta zo.

Ta ce, "Ministan Iska, in na zo akwai farfesu?"

"Farfesun ne ma za mu rufe."

"Kai dai ba ka da tausayi."

Ranar Asabar da hantsi aka taru a filin babbaka. Mai unguwa, liman, dattawa, da 'yan kallo waɗanda ba a gayyata ba amma su ne a gaba. Maikano yana tsaye da wankakkiyar riga, hannuwansa a baya, ya kwana biyu bai taɓa ashana ba. Muhsin ya karɓi na'ura ya ɗaga sama kamar mai neman sabis. Ya bayyana kalolin ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya miƙo wuya.

Ruwan ɗorawa ta nuna.

Wani daga baya ya ce, "Wannan ai kalar da sauƙi ce, ko ni ne ban gane karatun ba?"

Aka yi 'yar dariya. Maikano bai yi ba, amma ya saki numfashi. Muhsin ya sake duba na'urar. Shi da kansa ya san dalili: wuta a kashe take, kuma an sha ruwan sama daren jiya ya wanke iska. Da ya ce a kunna taya ɗaya a gani, da an gama magana. Amma dariyar nan ta riga ta hau masa kai, bakinsa ya riga tunaninsa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, nan fili ne, iska tana kwashewa. A ɗakunan mutane abin yake taruwa. A zo a ga ɗakin mahaifina."

Comfort ta ɗan kalle shi.

To ita Hajiya Lami tun da ta ji mai unguwa da liman za su iya shigowa duba mai jiki, ta yi abin da kowace matar gida mai mutunci za ta yi. Ɗakin mara lafiya ne, ya kwana a rufe, ba za a shigo mata a ji wani bashi-bashi ba. Ta ɗebo garwashi a kasko, ta zuba turaren wuta mai kyau, na Maiduguri, wanda take ɓoyo sai baƙi na musamman. Ta tura shi ƙarƙashin gado ta ja ƙofa don ya kama labule.

Aka yi sallama aka shiga. Malam Inuwa yana jingine da filo, ya yunƙura zai tashi, mai unguwa ya ce ya yi zamansa. Aka gaisa, ya jiki, da sauƙi, Allah ya ƙara afuwa, Allah ya sa kaffara ne. Liman ya ce, "Ma sha Allahu, ɗaki sai ƙamshi." Maikano ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Inuwa, ya ƙarfin jikin?" Baba ya ce, "Shigo mana, yau kuma baƙo ka zama?"

Muhsin ya ɗaga na'ura. Ruwan ɗorawa ta koma ja tun kafin ya miƙe hannu sosai. Lamba tana ta hawa kamar mitar gidan mai. Sai ta koma shunayya ta tsaya.

Mai unguwa ya ce, "Wannan ita ce wadda ka ce sai addu'a?"

Muhsin ya ce, "Ita ce, ranka ya daɗe."

Da farko daɗi ya ji, ba zan ɓoye muku ba. Ya juyo zai kalli wanda ya yi masa dariya a fili, sai idonsa ya sauka a ƙasa. Ga faranti a wajen kan gado, tokar igiyar leƙo a naɗe yadda ta cinye. Ga wani a wajen ƙafa. Ga wani siririn hayaƙi yana fitowa daga ƙarƙashin gado, yana hawa, ya je jikin taga ya tarar da leda, ya dawo. Ledar da shi ya sayo, shi ya yanka, shi ya liƙe. Maikano kuwa ya kwana biyu bai kunna ko karan sigari ba.

Comfort ta matso kamar za ta duba lambar, ta yi ƙasa da murya yadda shi kaɗai zai ji. "Muhsin, buɗe taga ɗaya mu ga."

Ya yi kamar bai ji ba.

"Muhsin."

Baba ya fara tari, irin mai tsawon nan da yake sa kowa ya sunkuyar da kai. Da ya lafa, mai unguwa ya juya wajen ƙofa. Ya ce, "Maikano, ka gani da idonka. Ba ni na faɗa ba, ba yaron nan ya faɗa ba, inji ne. Wuta a kashe ma ga abin da ta bari a ɗakin amininka."

Maikano ya daɗe yana kallon na'urar. Sannan ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce, "Inuwa, wallahi ban sani ba. Da na san ni nake sa ka wannan tarin, da tuni na tashi. Ka yafe ni."

Baba ya ce, "Haba Maikano, wa ya sani? Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Maganar tana nan a maƙogwaron Muhsin. Gajeriya ce ma: ba nasa ba ne, namu ne. Amma ga liman, ga dattawa, ga bidiyon da duk unguwa ta kalla, ga Umma a bayan labule da kaskonta, ga Baba da yake sa masa albarka kullum a kan igiyar leƙo. Ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana cewa, "Bari in kashe ta, batir zai ƙare."

A take aka yanke hukunci. Maikano zai kwashe kayansa ya koma bayan gari, can hanyar Utai, inda ba gidaje.

Da zai raka Comfort ta hau adaidaita, suka taka har titi. Ta karɓi na'urar ta sa a jaka.

Ya ce, "Ai dai kin san hayaƙin tayar nan guba ne. Ko ba yau ba, ya kamata ya tashi."

"Na sani. Ni ma da za a tambaye ni, cewa zan yi ya tashi."

"To shi ke nan."

"Amma ba shi ka auna ba."

"Me ya hana ki faɗa, tunda kin gani?"

"Ni baƙuwa ce, unguwarku ce, babanka ne. In tsaya gaban limaminku in ce ƙarya kake?" Ta shiga adaidaita ta leƙo. "Tsohon nan hula ya cire, Muhsin. Ka je ka cire ledar kafin ka kashe babanka da biyayya."

Ya koma gida ya jira Umma ta shiga kicin. Ya ɓalle ledar, ya zare tsummokaran sama, ya kwashe farantan. Baba ya ce lafiya? Ya ce ai tunda mai hayaƙi ya tashi, babu amfaninta. Ya sayo raga aka buga a tagogin, ya lallaɓa Baba da ƙyar ya yarda da gidan sauro, ya ce wa Umma likita ya hana turare a ɗakin. Babu likitan da ya faɗa, amma ta yarda.

Kuma ka ga ikon Allah, tari ya fara sauƙi. Ba warkewa ba, amma Baba ya koma fita masallaci da ƙafarsa, har yana zama a dakali da yamma. Unguwa ta ɗauka. Ka ga amfanin boko. Yaro ya kori hayaƙi ya ceci ubansa. In ya zo wucewa majalisa sai a ce, "Dakta, a zo a sha shayi." Mai shago ya daina karɓar kuɗin fiya wata a hannunsa. Duk wanda ya yabe shi, ji yake kamar an watsa masa ruwan kwata a farar shadda. Ya daina bin ta majalisa, ya koma zagayawa ta lungu. Bidiyon ma ya goge, wai waya ce ta cika.

Abin da ya fi ci masa rai, ranar Juma'a da yamma sai ga Maikano a kan tsohon babur, ya sha rana, ya rame, da kwano a ɗaure a leda. Farfesun ƙafar saniya ya kawo wa Baba. Ya ce can ɗin da nisa, masu saye da yawa sun koma wajen wani, amma alhamdu lillahi, tunda Inuwa yana numfashi ai ya ci riba. Ya dafa kafaɗar Muhsin ya ce, "Ɗana, ka kyauta da ka faɗa mini gaskiya. Wani da sai ya bar ni in ɗauki alhaki." Muhsin ya ce, "Ba komai Baba." Ranar ko romon bai iya sha ba.

Ya so abin ya tsaya nan, ya yi ta cinsa shi kaɗai har ya saba. Sai wata rana maƙwabcinsu Sabo, mai gyaran babur, ya tare shi a ƙofar gida yana washe baki.

"Dakta, kai nake nema. Zo ka duba mini aiki, ko na yi daidai."

"Wane aiki?"

"Ɗakin tsohuwa mana. Ka san Inna Hansai da ciwon ƙirji, ga mu a bakin titi, hayaƙin tirela ba dare ba rana. Na ce abin da ka yi wa Malam shi zan yi mata. Ranar da aka shiga da inji na ƙare wa aikinka kallo."

Muhsin ya bi shi. Tun daga tsakar gida ya hango farar leda a taga, an ja ta tsaf, an bi gefe da salatif, ta fi tasa kyau ma. Sabo ya tura ƙofa. Inna Hansai, mahaifiyarsa, tana zaune a kan tabarma da carbi, idanunta sun yi ja. A gefenta ga igiyar leƙo tana ci, da rana tsaka.

Ta ce, "Muhsinu ne? Sannu ɗan albarka. Ka ga ƙaninka ya mayar da ni kaza a akurki." Ta yi dariya, dariyar ta zama tari.

Sabo ya ce, "Sauro ne ke ɓuya a ɗakin, shi ya sa nake barin ta a kunne. Gidan Alhaji na kan kwana ma sun ce in zo in yi musu. Ya ka gani?"

Muhsin ya shiga ɗakin. Ya durƙusa ya gaishe da Inna, ya murƙushe bakin igiyar a ƙasa. Ya miƙe ya kama gefen ledar ya ja, salatif ya yi ƙara, iska ta shigo ta ɗaga labule.

"Kai Dakta, lafiya? Sabuwa ce fa."

"Ba ta da amfani, Sabo. Ita ce ma cutar. Hayaƙin ciki take tarewa, ba ya fita. Igiyar nan da turaren wuta, a rufaffen ɗaki, su suke cin ƙirji."

Sabo ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Ya ga fuskar Muhsin, ya daina.

"To amma ai a ɗakin Malam haka ka yi."

"Haka na yi."

"Kuma injin ya nuna kalar nan ta sai addu'a."

"Ya nuna."

Sabo ya kalli tokar da ke ƙasa, ya kalli ledar da ke hannun Muhsin. Bakanike ne, haɗa waya da waya ba ya ba shi wuya. Ya rage murya don kar Inna ta ji.

"To Maikano fa?"

Muhsin ya tsaya yana naɗe ledar, yana sake warwarewa. Ya ce, "Hayaƙinsa ma yana cutarwa, wannan gaskiya ne." Sabo ya kafe shi da ido. Muhsin ya sunkuyar da kai. "Amma na ranar nan ba nasa ba ne."

"Ya sani?"

"Bai sani ba."

"Malam fa?"

Ya girgiza kai.

Sabo ya cire ledar ɗaya tagar da kansa, ya dunƙule ta ya jefa tsakar gida. Ya ce, "Ni ba zan faɗa wa kowa ba, ba bakina ba ne. Amma gidan Alhaji suna jirana da la'asar, kuma sai na gaya musu dalilin da ya sa na fasa. Ka san dai yadda magana take tafiya a unguwar nan." Ya laluba aljihu ya fito da makullin babur ya miƙa masa. "Akwai mai a ciki. Hanyar Utai ba ta da cunkoso yanzu."

Muhsin ya karɓi makullin. Ya fito ƙofar gida ya hau babur ɗin, ya zauna a kai bai tayar ba. Daga nan yana hango Baba a dakali, yana ɗaga masa hannu.

To jama'a, ga ku ga Muhsin. In ya je ya faɗa, tsoho zai san a banza ya cire hula, kuma wataƙila taya ta dawo bayan katanga, wadda ita ma ba alheri ba ce ga kowa. In bai je ba, kafin magariba wani zai kai masa labarin da ƙari. Da kai ne a kan babur ɗin nan, ko ke, wa za ki fara tunkara, Maikano, ko Baba, ko mai unguwa? Kuma tun a ɗakin, gaban liman da dattawa, tsakani da Allah, da kun buɗe tagar? Ban da cika baki don Allah, na san wasunku ko a gurup ba sa iya cewa "na yi kuskure".